Digiri Huɗu

A El Alto iska ba ta da ƙiba.
Mutum ya ja numfashi biyu, ya sami na ɗaya.
Inji ma haka.
Can garejin Don Anacleto Chuquimia yake,
rufin kwano, daɓen ƙasa da ya ƙoshi da baƙin mai,
dutsen Illimani na leƙowa ta taga
da farar hularsa ta ƙanƙara.

Jar motar nan tawa ce, silinda huɗu,
shekara uku ina dakon dankali kafin na riƙe makullinta.

Tsohon ba ya gaggawa.
Ya tura ganyen koka a kumatu,
ya ja layin alli a kan fuli,
ya kafa bakin sukuddireba a jikin inji,
ƙotar a kunnensa,
ya lumshe ido kamar mai jin gulma ta bango.

"Wuta sammako take yi," in ji shi.
"Kafin fistan ya kai ƙololuwa
tartsatsin fulogi ya riga ya tashi,
don ƙuna ma tana bukatar lokaci.
In ta makara, ƙarfin ya bi salansa ya tafi.
In ta yi azarɓaɓi,
ta tari fistan yana kan hawa,
su gwabza kamar raguna a ƙofa ɗaya."

Ya murɗa kaɗan. Ya saurara. Ya ƙara murɗawa.
Digiri huɗu ya ba ni kyauta,
motar ta amsa da wata murya
da ban san tana da ita ba.

"Na nan sama ne, Hermógenes.
Ran da ka gangara teku, mayar musu da abinsu.
Iskar can mai nauyi ce, matsi zai ƙaru.
Ka sayi mai casa'in da bakwai,
mai haƙuri, wanda ba ya kamawa
sai an ce masa kama."

Na ce to.
Irin to ɗin da ke tsayawa a leɓe.

Ran tseren Arica na cika tanki a gida
da tamanin da biyar, mai araha,
na bar digirina inda suke.
Wa ke mayar da kyauta?

Muka gangaro, kwana bayan kwana,
kunnuwana na toshewa suna buɗewa,
har warin gishiri ya shigo ta gilashi.
Motar ta sha iska ta ƙoshi.
Ban taɓa jin ƙarfi irin wannan ba,
sitiyari na rawa a hannuna, ina dariya ni kaɗai.

A giya ta uku na ji shi:
ƙas, ƙas-ƙas,
tsakuwa uku a cikin gwangwani.
Kunnena ya ji.
Ƙafata ta ce ba ta ji ba.

Sauran labarin hayaƙi ne,
shuɗi, mai yawa,
da 'yan kallo suna kare hanci da riga.

A bayan babbar motar albasa muka hau gida,
kwana biyu, ni da ita, ba mai yi wa wani magana.

Don Anacleto bai ce na faɗa maka ba.
Ya kwance kan injin, ya zaro fistan na uku,
ya ɗaga shi saitin taga.
Rami a tsakiya, daidai shigar ɗan yatsa,
bakinsa a narke kamar kyandir.
Ta cikinsa ya daɗe yana kallon Illimani.

Sannan ya ɗauki ƙusa ya karta sunana a gefe,
ya ɗora shi a kanta, kusa da wasu shida.
Na ƙarshen layin ya fi su tsatsa,
raminsa ya fi nawa faɗi.
Na goge ƙurar da babban yatsa.
A. Chuquimia.

Da na juyo, alli yake miƙo mini.
"Riƙe fitilar da kyau," ya ce,
"hannunka na rawa."